Katin Duba da Neman Waɗanda Suka Ɓace: Yadda Ake Yinsa da Abin da Yake Jawowa

A ranar 13 ga Nuwamba 2022 aka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Idaho a gidan da suke haya a garin Moscow, a Amurka. Makonni suka shuɗe ba a kama kowa ba. A wannan tsakanin ne wata mata mai duba da katin tarot, daga jihar Texas, ta shiga sakin bidiyo a TikTok tana cewa katunanta sun nuna mata wata farfesa a jami'ar ce ta sa aka yi kisan. 'Yan sanda suka fito suka ce ba sa zargin farfesar da komai, ita kuma ta kai ƙara kotu kan ɓata suna. A ranar 30 ga Disamba aka kama Bryan Kohberger, bisa ƙwayar halittarsa da aka samu a jikin kuben wuƙa a ɗakin da aka yi kisan, da hotunan wata farar mota da kyamarorin tsaro suka ɗauka, da bayanan wayarsa. A Yunin 2024 kotun tarayya ta yanke cewa maganganun mai dubar ƙazafi ne, a Yulin 2025 kuma Kohberger ya amsa laifinsa, aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Duk da haka bidiyoyi irin nata ba su ragu ba. Da zarar labarin ɓatan wani ya yi amo, ko aka tono wani tsohon kisa da aka kasa gano bakin zarensa, sai ka ga an baje katuna a gaban kyamara ana faɗin inda mutumin yake, ko yana raye, da wanda ya ɗauke shi. Mai kallo yakan rasa ta cewa, don wani lokaci maganar takan yi kamar ta dace da abin da aka gano daga baya. Kafin a yanke hukunci sai a san yadda katin yake, da yadda ake fitar da amsa daga cikinsa.

Katin da asalinsa

Cikakken tarot katuna 78 ne. Guda 22 su ne manya, kowanne da hotonsa da sunansa: Wawa, Boka, Wata, Tauraro, Hasumiya, Shaiɗan, Mutuwa da sauransu. Ragowar 56 sun kasu dangi huɗu, kofuna, takubba, sanduna da tsabar kuɗi, kowane dangi 14: goma masu lamba, huɗu masu siffar mutanen fada, wato sarki, sarauniya, barde da ɗan aike.

A arewacin Italiya aka ƙirƙiro shi a ƙarni na 15, kuma wasan karta ake yi da shi a fadojin Milan da Ferrara. Sai bayan fiye da shekara 300 aka jingina masa sanin ɓoye. A 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya yi iƙirarin cewa hotunan katin ragowar ilimin tsohuwar Masar ne, ba tare da wata hujja ba, kuma a shekarun nan ne wani mai suna Etteilla ya wallafa ƙa'idojin duba da shi. Wanda aka fi gani yau a bidiyo shi ne wanda aka buga a Landan a 1909, A. E. Waite ya tsara, Pamela Colman Smith ta zana. Wannan bugun yana da muhimmanci ga batunmu, domin a cikinsa kusan kowane ƙaramin kati yana ɗauke da cikakken hoto na mutane a wani wuri. Takubba takwas mace ce ɗaure, an rufe mata ido. Takubba shida kwalekwale ne ɗauke da mutane ana tsallake ruwa. Kofuna takwas mutum ne ya juya baya yana tafiya cikin dare. Takubba goma mutum ne kwance rub da ciki a bakin ruwa, takubba a bayansa. Duk wanda ya zo da labarin ɓata a ransa, waɗannan hotuna za su yi masa magana.

Akwai kuma katin Lenormand, mai katuna 36, da aka sa wa sunan wata shahararriyar mai duba ta Faris da ta mutu a 1843. Masu neman wuri sun fi son sa saboda hotunansa na abubuwa ne kai tsaye: gida, jirgin ruwa, itace, dutse, mararraba, lambu, akwatin gawa, maciji, kare.

Yadda ake shimfiɗa shi a kan wanda ya ɓace

Shimfiɗa ita ce tsarin da ake jera katuna, inda kowane gurbi yake da tambayarsa tun kafin a juya kati. Mai duba yakan fara da zaɓen katin da zai wakilci wanda ya ɓace, galibi daga katunan fada gwargwadon jinsi da shekaru, ko ya ajiye hotonsa a tsakiya. Sai ya cakuɗa katunan, ya yanka, ya jera su a kife, ya riƙa juyawa ɗaya bayan ɗaya. Mafi sauƙi ita ce ta katuna 3: abin da ya gabata, halin da ake ciki, da inda za a ƙare. Mafi shahara ita ce ta katuna 10 da Waite ya yaɗa, wadda ake jera shida a siffar gicciye, huɗu a tsaye a gefe. Masu duba kan laifuka sun ƙirƙiro nasu, na katuna biyar zuwa tara, da gurabe irin su: halin da yake ciki kafin ya ɓace, abin da ya faru, wanda yake da hannu, dalili, inda yake yanzu, abin da masu bincike suka tsallake.

Daga nan sai fassara. Kofuna ruwa ne, saboda haka kogi, rijiya ko tafki. Tsabar kuɗi ƙasa ce, wato gona, daji ko gini. Takubba rikici da makami, sanduna tafiya da wuta. Wasu sukan ba kowane dangi kusurwa, kofuna yamma, sanduna kudu, takubba gabas, tsabar kuɗi arewa, su kuma ɗauki lambar kati a matsayin nisa ko adadin kwanaki. Katin fada idan ya fito, mutum ne: sarkin takubba namiji mai iko ko mai kaki, sarauniyar kofuna mace ta kusa. Katin da ya fito kai ƙasa ma'anarsa takan juye ko ta raunana. Idan amsa ba ta fito fili ba, sai a jawo ƙarin kati don fayyacewa, kuma babu iyaka ga sau nawa za a jawo.

Waɗannan ƙa'idoji ba ɗaya ba ne a wurin kowa. Abin da wani ya ɗauka kwana uku, wani wata uku ne a wurinsa, kuma babu wanda ya faɗa ko lambar nisa mil ce ko kilomita. Amma matsalar da ta fi girma tana cikin gurabe. Gurbin da aka rubuta wa “wanda yake da hannu” dole a sa masa kati, kuma kowane kati yana da ma'ana, don haka dole shimfiɗar ta fitar da mai laifi, ko da mutumin zamewa ya yi ya faɗa ruwa, ko kuwa tafiyarsa ya yi don kansa. A cikin katuna 78 babu wanda yake nufin “ban sani ba”. A babbar shimfiɗar Lenormand ma ana baje duka 36 ne, saboda haka akwatin gawa da maciji kullum suna kan tebur, kusancinsu da katin mutumin kawai ake aunawa.

Me ya sa amsar take kama da gaskiya

Lissafi kaɗai ya isa ya bayyana kaso mai yawa. Idan aka jawo katuna 10 daga 78, damar a samu aƙalla kofi ɗaya ta kai kusan 88 cikin 100, kuma wannan bai haɗa da Wata, Tauraro da takubba shida ba, waɗanda su ma akwai ruwa a hotonsu. Shi ya sa “yana kusa da ruwa” take fitowa kusan kowane lokaci, kuma da wuya a samu wurin da ba shi kusa da kogi, kududdufi, magudana ko tankin ruwa. Damar katin fada ya fito ta haura 90 cikin 100, to ga “wani mutum da ya sani”. Idan aka ware katuna shida masu ban tsoro, Mutuwa, Hasumiya, Shaiɗan, da takubba uku, tara da goma, damar ɗaya daga cikinsu ya bayyana ta wuce rabi. Duk wannan zai faru ko da wanda ake tambaya a kansa yana zaune lafiya a gidan abokinsa.

Sai kuma yadda ƙwaƙwalwar mai sauraro take aiki. A 1948 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa bayanin halayensu, kowa yana zaton nasa daban ne, alhali rubutu ɗaya ne. Da aka ce su auna dacewarsa da su, matsakaicin makin ya kai 4.3 cikin 5. Magana mai faɗi, mai sauraro ne yake cike ta da abin da ya sani. Bayan an gano gaskiya kuma sai a koma baya a yi ɗinki: an ce lamba bakwai, sai a tarar gidan yana kan titi na bakwai, ko an same shi ranar 17, ko ƙarfe bakwai ya fita. Mai duba da ya yi bidiyon minti arba'in ya faɗi abubuwa da dama. Biyun da suka yi kama da daidai su ake yankowa a sake yaɗawa, sauran kuma babu mai waiwayarsu.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kafin a taɓa kati, mai duba ya riga ya karanta labarin a jarida, ya ga hotunan dangi, ya ji wanda jama'a suke zargi. Ba lallai ne yana yaudara da gangan ba. Da yawa sun gaskata abin da suke yi. Sai dai fassarar takan bi zargin da ya riga ya zauna masa, sannan ta fito da shi da ƙarfin da zato kaɗai ba zai samu ba.

Abin da aka gani da aka gwada

Gwaje-gwajen da aka yi sun haɗa masu iƙirarin ganin ɓoye gaba ɗaya, ba masu kati kaɗai ba, amma tambayar ɗaya ce. A 1979 Martin Reiser, masanin halayya na rundunar 'yan sandan Los Angeles, ya ba mutum 12 masu wannan iƙirari kayan shaida daga laifuka huɗu, bai samu wani bayani da zai amfani bincike ba. A 1996 Richard Wiseman da abokan aikinsa a Birtaniya suka gwada masu duba uku da ɗalibai uku a kan tsoffin laifukan da aka riga aka warware. Masu dubar sun fi yawan magana, amma ba su fi ɗaliban dacewa ba. A 1993 an tambayi rundunonin 'yan sanda na manyan biranen Amurka 50, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda suka amsa suka ce ba su taɓa amfani da masu duba ba, kuma babu wadda ta ce bayanansu sun fi na sauran hanyoyi amfani.

Manyan labarai ma haka suka nuna. A 1966 yara uku 'yan gida ɗaya, 'yan gidan Beaumont, suka ɓace a bakin teku kusa da Adelaide a Ostareliya. Aka ɗauko shahararren mai duba na Holand, Gerard Croiset, ya nuna wani ɗakin ajiyar kaya ya ce suna ƙarƙashin daɓensa. Jama'a suka tara kuɗi aka fasa, ba a samu komai ba, kuma har yau ba a gano yaran ba. Sylvia Browne, wadda ta yi suna a talabijin na Amurka, ta gaya wa iyayen Shawn Hornbeck a 2003 cewa ɗansu ya mutu, sai ga shi an same shi da rai a Janairun 2007. A 2004 ta faɗa wa mahaifiyar Amanda Berry irin wannan magana. Uwar ta rasu a 2006, 'yar kuma ta kuɓuta daga gidan da aka tsare ta a Cleveland a Mayun 2013.

Masu goyon baya suna da nasu misalan. Ɗaya daga cikinsu shi ne na Nicola Bulley, wadda ta ɓace a bakin kogin Wyre a Ingila ranar 27 ga Janairu 2023. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka hango gawarta ranar 19 ga Fabrairu ya ce shi mai hulɗa da ruhohi ne. Adalci ne a ambaci wannan, kuma adalci ne a ƙara da cewa an same ta a cikin kogin nan, kimanin mil ɗaya daga inda aka yi mata ganin ƙarshe, kuma tun farko abin da 'yan sanda suka fi rinjayarwa ke nan.

Inda kowane ɓangare ya tsaya

Su kansu masu kati ba bakinsu ɗaya ba. Wasu sun ɗauke shi hanyar samun labarin ɓoye. Wasu kuma, kuma suna da yawa, sun ɗauke shi abin taimaka wa mutum ya yi tunani kan halin da yake ciki, ba sa yarda su duba kan mutuwa, cuta ko wanda ba ya wurin bai kuma ba da izini ba. Irin waɗannan sukan soki masu bidiyon laifuka da kakkausar murya.

'Yan sanda a ƙasashe da dama suna karɓar kiran mai duba kamar yadda suke karɓar na kowa, kuma a nan ne ake samun ruɗani, don mai duba yakan ce “na yi aiki da 'yan sanda” alhali saƙonsa kawai aka rubuta. Jagoran da Kwalejin Aikin 'Yan Sanda ta Birtaniya ta fitar don jin ra'ayi a 2015 ya ce a auna irin wannan bayani da sauran abin da aka sani, a tambayi yadda mutumin ya same shi, a duba ko yana neman kuɗi, kuma kada ya karkatar da bincike sai in an tabbatar da shi ta wata hanya. Akwai dalili na biyu da ya sa ake sauraro: wani lokaci shaida mai tsoro, ko ma mai laifin, yakan fake da mafarki ko duba don ya faɗi abin da ya sani. Shi ya sa mai duba da ya faɗi abin da ba a bayyana wa jama'a ba yakan koma wanda ake tuhuma.

Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Birtaniya ta soke dokar 1951 kan masu duban ƙarya a 2008, ta mayar da lamarin ƙarƙashin dokokin kare masu sayen kaya da hidima. A jihar New York karɓar kuɗi don duba laifi ne, sai dai in don nishaɗi aka yi. Daga irin wannan ne rubutun “don nishaɗi kawai” ya samo asali, amma rubutun ba ya kare wanda ya ambaci sunan mutum ya jingina masa kisa.

A Musulunci hukuncin a bayyane yake. Aya ta 65 ta Suratun Namli ta keɓe sanin gaibu ga Allah, kuma hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba ta dare arba'in. Malamai sun bayyana cewa mai duban da ake nufi ya haɗa da mai iƙirarin sanin inda abin da aka sace ko ya ɓace yake. A Kiristanci ma littafin Maimaitawar Shari'a, sura 18, ya hana duba, Cocin Katolika kuma ta nanata hanin a sakin layi na 2116 na littafin koyarwarta.

Waɗanda abin yake faɗa wa

Iyali ne na farko. Wanda nasa ya ɓace ba ya iya makoki, ba ya iya sakin rai, halin da Pauline Boss, wata masaniyar zamantakewar iyali a Amurka, ta yi shekaru tana nazari a kai. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, don haka ba abin zargi ba ne uwa ta saurari duk mai cewa ya ga ɗanta. Amma idan aka ce mata ya mutu, tana iya daina nema alhali yana raye. Idan aka ce yana raye a wani gari, za a kashe kuɗi da ƙarfi a tafiyar banza. Kuɗin kuma ba ya tsayawa a zama ɗaya: yau an ga hoto dishi-dishi, gobe sai an sake zama, jibi sai an yi aikin kawar da abin da ya tare.

Na biyu shi ne wanda aka nuna. Da yake katunan fada siffar mutum suke bayarwa, zargi yakan faɗa kan na kusa, miji, kawu, maƙwabci, tsohon saurayi, ya raba dangi a lokacin da suka fi bukatar juna. A Yunin 2011 wata mai duba ta kira 'yan sandan gundumar Liberty a Texas ta ce akwai tarin gawarwaki a wani gida. Jami'ai da 'yan jarida suka cika wurin, labarin ya zaga duniya, ba a samu gawa ko ɗaya ba. Masu gidan suka kai ƙara, a 2013 kotu ta yanke a biya su diyyar kusan dala miliyan 6.8.

Na uku binciken kansa. Kowane kira sai an rubuta, an tantance, wani lokaci an tura mutane da karnuka. A lamarin Bulley masu binciken sa-kai da masu ɗaukar bidiyo sun cika ƙauyen har 'yan sanda suka ba da umarnin tarwatsa su.

Abin da ya kamata iyali su yi

A kai rahoto nan take. Zancen sai an jira awa 24 ba ƙa'ida ba ce a Birtaniya, a Amurka kuma doka ta hana jinkirta karɓar rahoton ɓatan yaro. Mafi yawan waɗanda ake kai rahotonsu ana samunsu cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma awannin farko ne shaida take da ɗumi. A tanadi hoto na kwanan nan, bayanin tufafin da ya sa, tabo ko wata alama a jiki, magungunan da yake sha, lambar waya da lambar jikin wayar, asusun banki da na sada zumunta. A nemi hotunan kyamarorin tsaro da wuri, domin na'urori da yawa suna goge tsohon hoto cikin kwanaki ko 'yan makonni. Buroshin haƙori da matajin kansa a sa su a ambulan na takarda a ajiye don gwajin DNA, kada a wanke kayan da ya cire, kada kuma a miƙa su ga mai duba ya riƙe, don taɓawa tana gurɓata shaida. Idan ana zaton ya ƙetare iyaka, 'yan sanda suna iya neman Interpol ta fitar da sanarwa mai launin rawaya, idan kuma yaƙi ko hijira ne ya raba, Red Cross tana da sashen haɗa iyalai.

Ga tsoffin laifuka, abin da yake buɗe su shi ne sake gwada tsohuwar shaida da sabuwar fasaha, ko shaidar da ya daɗe yana shiru ya buɗe baki. Joseph DeAngelo, wanda ya yi kashe-kashe da fyaɗe a Kalifoniya a shekarun 1970 da 1980, an kama shi a Afrilun 2018 bayan an bi ƙwayar halittarsa ta cikin bayanan danginsa na nesa.

Saƙonnin masu duba kuwa za su zo ko ba a nema ba. A naɗa mutum ɗaya, wanda ba uwa ko uba ko mata ba, ya riƙa karɓar dukkan saƙonni yana rubuta rana da lokaci. A tambayi mai saƙon abu biyu: ta yaya ka sani, kuma mene ne a cikin maganarka za a iya zuwa a duba? “Kusa da ruwa” ba ta dubuwa, suna ko lambar mota ko adireshi suna dubuwa, kuma irin waɗannan ga jami'in da ke riƙe da binciken ake miƙa su, ba a shafin sada zumunta ba. Kada a biya kuɗi, kada a ba da bayanin da 'yan sanda suka ce a ɓoye, kada dangi su je gidan wanda aka ambata da kansu. Wanda kuma aka ambaci sunansa a bidiyo ya adana kwafinsa da ranar da aka sake shi kafin a goge, ya kai ƙorafi ga kamfanin dandalin, sannan ya nemi lauya.